Motsa jiki bayan aikin sauya gwiwa ko kwatangwalo

Wanda aka sauya wa gwiwa ko kwatangwalo, kafin ya dawo gida a gyara masa gidan. Zamanmu a Damagaram na ƙasa ne, tabarma da kujera ƴar tsugunno da masai na tsugunawa, kuma duk ukun haɗari ne ga sabon kwatangwalo. A sati 6 zuwa 12 na farko, gwargwadon abin da likitan da ya yi aikin ya faɗa, kada gwiwa ta haura kwatangwalo in an zauna, kada a harɗe ƙafa, kada a juya yatsun ƙafa ciki. Ɗayan waɗannan ya isa ya goce kan ƙarfen da aka sa a kwatangwalon daga gurbinsa. A nemo kujera mai tsawo da hannuwa, a ɗaga gado da bulo, a sa kafinta ya huda kujerar katako a ɗora kan masai. Salla a kan kujera, da ishara, ba tare da sunkuyawa sosai ba. Wankin ƙafa wurin alwala wani ya taimaka. Hawan kabu-kabu kuwa a manta da shi tukuna.

Gwiwa matsalarta dabam ce: in an tausaya mata sai ta sandare. Ana son ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasa digiri 90 wajen sati 2, ta doshi 110 zuwa 120 cikin wata 3. Kuskuren da masu jinya suka fi yi shi ne tura matashi ƙarƙashin gwiwar don majinyaci ya ji daɗi. Daɗin na ɗan lokaci ne, gwiwar za ta warke a tanƙware, mutum ya yi ta ɗingishi. Matashin a ƙarƙashin dunduniya ake sa shi.

Sau 3 a rana, a kwance rigingine: a motsa idon sawu sama da ƙasa sau 20, a danna bayan gwiwa kan katifa har cinya ta yi tauri, a ƙirga 5, a saki, sau 10, a ja dunduniya zuwa mazaunai a hankali, sau 10. Bayan nan ƙanƙara a leda, a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20, kada ta taɓa fata kai tsaye. Tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida, da sanyin safiya da bayan la'asar, an share yashi an kwashe butoci. Sanda a hannun ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta. A dokin ƙofa, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai aikin ce ke fara sauka.

Zaman rukuni wurin kine, mai gashin ƙashi, yana da amfanin da gida ba ya bayarwa: ana auna lanƙwasar gwiwa, ana gyara tafiya, ana ƙara keke da hawan matakala. Sai dai kada a yi gasa. Matashi mai sikila da aka sauya wa kwatangwalo da dattijuwa mai ciwon gaɓoɓi ba tafiyarsu ɗaya ba. Ciwon da ya kwana bai lafa ba alama ce an zarce, a rage.

Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ƙafa ta gajarce farat ɗaya bayan ciwo mai tsanani, ko numfashi ya sarƙe: ba tausa, ba maɗori, a wuce Babban Asibitin Damagaram nan take.