Yadda ake aika ɗanyen fure a Zariya ya isa a ranar bai yi yaushi ba

Ranar da ƙanwata ta rubuta jarabawarta ta ƙarshe a ABU Samaru ina wajen aiki a Sabon Gari ba halin fita, sai na yi odar fure wajen ƙarfe ɗaya na rana, lokacin kuma watan Afrilu ne ana tsakiyar zafin nan. Bai isa hannunta ba sai bayan la'asar, duk kawunan sun langaɓe kamar alayyahon da ya wuni a kasuwa, abin ya min ciwo wallahi. Tun daga nan na gyara yadda nake yi.

Abu na farko ki yi oda da safe, kafin ƙarfe 10 in da hali. Masu sayarwar yawanci a WhatsApp ko Instagram za ki same su, kuma tambayar farko ita ce furen yana hannu yanzu ko sai an kawo? Saboda furen ros, wato wardi, ba ya son zafi irin namu, daga wurare masu sanyi kamar Jos ake samo shi, wani kuma ta Abuja ko Kaduna yake biyowa a mota. In aka ce miki yana hanya toh ki san ba lallai ya iso yau ba, Kaduna kaɗai kusan kilomita 80 ce kuma motar haya sai ta cika take tashi. Sannan ki faɗa ƙarara ɗanye kike so ba na roba ba, don mutane da yawa in an ce fulawa ta roba suke nufi.

Daga nan ki ce a ɗauko miki bidiyon ainihin wanda za a aika, ba tsohon hoton da ke shafi ba. Ki duba da kyau, wanda bai gama buɗewa ba shi ya fi daɗewa, in kin ga gefen ganyen furen ya fara baƙi ko wuyan ya sunkuya ki ce a canza, kuɗinki ne ba kunya a ciki. Ki roƙa a naɗe gindin da jiƙaƙƙiyar auduga ko tishu a sa leda, shi ne ruwan shansa a hanya.

Kuɗi kuma ku yi magana a gama tun kafin ki yi tiransfa, na fure daban na ɗan aike daban, don kai kaya PZ ko GRA ba ɗaya ba ne da Shika ko Wusasa. Ki ajiye risit.

Kwatance shi ne inda aka fi samun matsala. A cikin birni lambar gida ba ta aiki, lungu ne cikin lungu, don haka ki rubuta kamar yaro za ki aika, a shiga ta Ƙofar Doka, a wuce masallaci kaza, gida mai koren get kusa da mai shayi, sai ki haɗa da lokeshan na WhatsApp da lambar waya biyu. In gidan ba shiga ne ki faɗa wa ɗan aiken ya tsaya a waje ya kira a turo yaro. In ɗaliba ce a hostel ki tabbata ba ta aji, ni nawa a bakin get ya yi ta jira cikin rana. In kuma mara lafiya ne ko mai jego a asibitin Shika ki fara tambayar mai jinya, don ba kowane ɗaki ake barin shiga da fure ba. Na san ana so a yi wa mutum ba-zata, amma gara ki shirya da wani na gidan a ɓoye da a je ba kowa.

Lokacin kaiwa ki zaɓi hantsi ko bayan la'asar, ranar Juma'a kuma ki kauce wa lokacin masallaci. Babban ƙunshi a sa shi a keke napep, iskar mashin tana karkaɗe furen musamman da hunturu ga ƙura, in dole mashin ne sai a cikin kwali.

Da ya isa ki kira wadda ta karɓa, ki ce ta yanke ƙasan karan kaɗan a karkace da wuƙa mai kaifi, ta cire ganyen da zai nutse, ta sa a ruwa mai tsabta a kwalba ko jug, nesa da taga da iskar fanka da kuma nunanniyar ayaba don tana sa fure saurin zubewa. Ta riƙa canza ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Wanda na aika wa Umma da ƙaramar sallah haka ta yi masa, ya kwana biyar a falonta kafin ya fara zuba.