Yadda Ake Kula da Ciwon Zamewar Faifan Ƙashin Baya

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifai mai taushi, wanda idan ya tsage ya bulluƙo yakan danne jijiya, sai zafi ya sauko daga ƙugu zuwa cinya har ƙafa. A Maradi, masu dakon buhunan gero da ƴan kabu-kabu sun san wannan azaba sarai.

Yawancin masu ciwon suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Kada kwanciya ta wuce kwana 2, domin doguwar kwanciya ƙara sanƙarar da baya take yi. Gara a riƙa ɗan tattaki a hankali. Idan za a kwanta, a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, kuma wajen ɗaukar kaya a durƙusa maimakon a sunkuya.

Farasitamol da ibufurofen suna rage zafi, amma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu ya nemi shawarar likita kafin shan ibufurofen. Tiramol na ƴan tebur kuwa a guje shi, domin yana kama jiki. Tsaga da ƙaho ba sa mayar da faifai mazauninsa.

Idan ciwon ya ƙi lafawa, likita zai iya neman hoton IRM, wato hoton na'ura mai nuna faifan da jijiyoyi, ya ba da shawarar gashin ƙashi, allura ko tiyata. Amma wanda fitsari ko bayan gida ya ƙwace masa, ko matsematsinsa suka mutu, ko ya fara jan ƙafa, a kai shi asibiti a ranar.