Kurakuran da ke karya wuƙar yanka zare a injin CNC

A injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, wuƙar yanka zare (zaren da noti ke hawa a kai) ta fi taf, ƙarfen da ake murzawa cikin rami ya yanka zare, daɗin aiki ta hanyoyi da yawa. Guda ɗaya tana yin zaren dama da na hagu, tana yin ramuka masu faɗi daban-daban muddin tazarar zaren ɗaya ce, kuma ko ta karye ba ta maƙalewa a rami, domin ta fi ramin siranta. Sai dai wuƙar kabaid, wato ƙarfe mai tsananin tauri da ake ƙera ta da shi, tana da tsada, kuma sau da yawa lissafi ne ke karya ta, ba taurin ƙarfe ba.

Babban kuskuren yana wajen gudun tafiya. Lambar da kamfani ya bayar ta bakin haƙori ce, inda yankan yake faruwa, alhali injin tsakiyar wuƙar yake tuƙawa. A zaren cikin rami tsakiyar tana zaga ƙaramin da'ira, baki kuwa yana zaga babba a lokaci guda, kamar yadda ƙarshen fiffiken fanka ya fi gindinsa nisan tafiya. Ɗauki zaren M12, wato mai faɗin milimita 12, da wuƙa mai milimita 8, haƙora 3. Idan ana yanka ƙarfe mai taushi da mita 80 a minti, juyi zai kai wajen 3,180 a minti. Kowane haƙori ya ci milimita 0.03, gudun baki ya zama kusan milimita 286 a minti. To ba wannan za a rubuta ba. A cire 8 daga 12, a raba da 12, a samu kashi ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku na 286, wato kusan 95, shi za a rubuta. Wanda ya rubuta 286 ya ɗora wa kowane haƙori kaya ninki uku, kuma ba za a je ko'ina ba zai ji ƙas! Abin da ke ba ni takaici shi ne daga nan sai a ce wuƙar ce jabu. Wasu manhajojin suna yin wannan gyara da kansu, don haka a duba tukuna kada a rage sau biyu, wuƙa ta koma goga ƙarfe tana zafi.

Akwai masu zaɓar wuƙa mai kauri wai don ƙarfi. Idan ta kusa cika ramin, siffar zaren takan lalace, musamman mai manyan tazara. Kada ta wuce wajen kashi 70 cikin 100 na faɗin zaren.

Shiga ma tana da ladabi. Soka wuƙa kai tsaye cikin bangon rami yana barin tabo, yana kuma girgiza ta. A shiga ta hanya mai lanƙwasa kamar baka, Z (layin hawa da saukar wuƙar) yana hawa daidai da tazarar zaren, a fita haka nan. Zaren dama na cikin rami kuwa, a fara daga ƙasa ana hawowa da G03, umarnin zagaye saɓanin hannun agogo. Yankan ya fi tsafta, wuƙa ta fi daɗewa.

Idan geji, ma'aunin da ake murzawa cikin rami don gwada zare, ya shiga a baki ya cije a ciki, zaren ya tsuke ne saboda wuƙar tana lanƙwasawa. Ƙara zurfin yanka ba zai gyara ba, sai ma ya buɗe bakin. A rage tsawon da ta fito daga mariƙi, a raba yankan gida biyu ko uku, a sake zagaye ɗaya ba tare da ƙara ci ba. A ƙarfe mai tauri da ƙarfen da ba ya tsatsa wannan dole ne. A kuma auna karkacewar mariƙin, ta tsaya ƙasa da milimita 0.01, in ba haka ba haƙori ɗaya ne zai riƙa aikin uku.

Ɓarɓashin ƙarfe a rami mai toshe ƙasa yana komawa ƙarƙashin haƙori ya ɓantare shi. Iska mai ƙarfi ko ruwan da ke bi ta cikin wuƙar ne maganinsa.

Ramin farko a yanka shi da ɗan saura, a gwada geji, sannan a matsa kaɗan-kaɗan ta lambar D, inda ake ajiye girman wuƙar, da ke aiki da G41, umarnin da ke matsar da wuƙa gwargwadon wannan girma, maimakon sake rubuta shirin gaba ɗaya.