Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Gyara Ƙaramar Bindiga Mai Jikin Roba a Gida

Tun da kamfanin Heckler & Koch ya fitar da VP70 a 1970, sannan Glock 17 ta biyo baya a farkon shekarun 1980, mutane ba su daina zargin cewa jikin roba ba zai daɗe ba. Wannan zargin ne ke sa mai bindiga ya ɗauko kayan aiki yana neman ƙara mata ƙarko. A aikace kuwa, gangar jikin, wadda yawanci da nailan mai tauri ake yin ta, ba ita ke fara gajiya ba. Sifirin da ƙananan ƙarafa ne ke fara lalacewa, kuma hannun mai gyara kan jawo tsagewa a jikin roba. Bayanin nan na wanda ya mallaki bindigarsa bisa doka ne, domin a ƙasashe da dama ko canza wani sashe nata sai da izini.

Kuskure na farko yana faruwa tun ba a fara aiki ba. Glock da ire-irenta sai an ja kunama kafin silaid, wato ƙarfen sama da ke zamewa gaba da baya, ya fita, don haka harsashi ɗaya da aka manta a ciki zai tashi a kan teburin aiki. A fara zare magazin, wato gidan harsasai, sannan a ja silaid baya a kulle shi, a duba ramin harsashi da ido, a sa yatsa a taɓa. Wanda ya juya wannan tsari, ya ja silaid kafin ya cire magazin, ya ɗora wani harsashin ne bai sani ba. Harsasai kuma a kai su wani ɗaki.

Sai zanen mariƙi da ƙarfen soda mai zafi, wanda ake yi don kada hannu ya zame. Nan ne aka fi yin gyaran gangar auzinawa. Nailan yana narkewa tsakanin digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Selsiyos, kuma bakin ƙarfen soda ya zarce haka nesa, saboda haka jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ya huda bangon da magazin ke shiga. Ko bai huda ba, robar takan kumbura ta ciki, sai magazin ya daina faɗowa da kansa. Ƙarfe mai ƙarfin wat 25 zuwa 30 ya wadatar, kowane ɗigo kada ya kai zurfin milimita ɗaya, kuma a fara gwaji a kan tsohon magazin ko wani guntun roba. A yi nesa da ramukan kusoshi, da inda ƙarafan da silaid ke gudu a kansu suke dashe, da farantin lambar bindiga, wanda ɓata shi babban laifi ne a Amurka da ƙasashe da yawa. Hayaƙin robar yana da illa, a buɗe taga. Kuma a sani cewa wannan zane ba ya ƙara ƙarko ko kaɗan, riƙo kawai yake gyarawa. Wanda riƙon ne damuwarsa, tef mai kaushi da ake mannawa zai yi masa aikin, in ya gaji da shi ya ɓare. Mai bindigar SIG P320 ya huta, tunda lambar tana jikin ƙarfen ciki ne, mariƙin kuwa canza shi ake yi.

Haka ma goge ƙasan zoben da ke kare kunama da samfefa ko ƙaramin injin gurza. In an sirantar da shi, yana iya tsagewa, kuma kube da yawa a wannan zoben suke kama bindiga.

Sifirin da ke mayar da silaid gaba shi ne abin da ya fi shafar rayuwar jikin roba, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Idan ya yi laushi, silaid yana dukan jikin da ƙarfi a kowane harbi. Masu gyara sukan canza shi bayan harbi 3,000 zuwa 5,000, mai sifirin biyu irin wanda ya zo da Glock zubi na huɗu a 2010 yakan ɗan fi haka daɗewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: bindiga babu harsashi, a ɗaga bakinta sama, a ja kunama a riƙe, a ja silaid baya a sake shi a hankali. In bai rufe tsaf da kansa ba, sifirin ya gaji. Kuskuren shi ne sayen wanda ya fi na asali tauri da sunan kare jiki. Glock 17 da sifirin mai ƙarfin turi na fam 17 take zuwa. In aka sa mata mai fam 22 ana harba harsashi na yau da kullum, silaid ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, kwanso ya maƙale a baki. Sandar da sifirin ke zagaye da ita ta roba ce; ta ƙarfe da ake sauya ta da ita ba laifi ba ce, amma nauyi take ƙarawa a gaba, ƙarkon da take kawowa bai taka kara ya karya ba.

Wajen cire kusoshi, guduma ba ta da aiki. Tsinke mai kaurin milimita 2.4 da ƙarfin hannu sun isa. Kusar kunama a Glock tana da tsagi inda maƙallin silaid ke zama, sai ana motsa maƙallin gaba da baya ana tura ta za ta fita. Bugu yana buɗa ramin, daga nan kusa ta riƙa zamewa lokacin harbi, ramin roba kuwa in ya buɗe ba ya komawa.

Mai ma ana wuce gona da iri. Ɗigo biyar ko shida sun ishi bindigar gaba ɗaya: tsagin silaid hagu da dama, bayan bututu, da inda sandar kunama ke gogar maƙallinta a baya. Ramin allurar da ke dukan harsashi a bar shi a bushe ƙayau. Mai a wurin yana haɗuwa da ƙura da burbushin tagulla ya zama laka, allura ta yi sanyin duka, harsashi ya ƙi tashi. Giris mai launin jan ƙarfe da ake gani a sabuwar Glock kamfani ne ya sa, a bar shi ya ƙare da kansa. Maganin wanke birki mai kulorin da sauran sinadarai masu kaifi suna kodar da roba, suna kuma cin fentin abin saiti, wato alamomin da ke kan silaid da ake auna hari da su. Ruwan sabulu mai ɗumi da tsohon buroshin haƙori sun ishi jikin, muddin an busar da ƙarafan.

Canza abin saiti na roba da na ƙarfe gyara ne na gaske, don na robar yana goguwa. Sukurun na gaba siriri ne, ɗauri kaɗan ya wuce ya karye. A sa masa ɗigo ɗaya na gam ɗin sukuru mai launin shuɗi, kamar Loctite 243. Jan kuwa sai da zafin kusan digiri 260 yake saki, kuma kada kowanne ya taɓa roba. In fenti irin Cerakote za a gasa, zafin da ake ba ƙarfe, wajen digiri 120, ya yi wa jikin roba yawa. Shi tsakanin 65 zuwa 80 ake ba shi, in ba haka ba ya lanƙwashe.

Mafi hatsari shi ne goge sassan kunama don ta yi laushi. Akwai wurin da sandar kunama ke riƙe da ƙafar allura, kuma masu gyaran Glock suna neman aƙalla kashi biyu cikin uku na wurin ya kama, suna dubawa da wani murfin baya na musamman mai yanke. Wanda ya zagaye wannan kusurwa da injin gurza, garin neman gira ya rasa ido: bindiga tana iya tashi in ta faɗi. Ƙarfen da aka ci a wurin ba ya gyaruwa, sai a sayi sabon sashe na asali, a kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya duba kafin a sake sa mata harsashi.