Cikin saurayi da budurwa: inda ake kuskure wajen ci

Tsakanin shekara 11 zuwa 16 jiki na tsawo, ƙashi na kauri, don haka in ka ji cikinka ya zama rijiya gaba dubu, ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne yadda ake cika rijiyar.

Kuskuren farko tun da sassafe ake tafka shi: a tafi makaranta ba a karya ba. Kafin ƙarfe goma ido ya rufe, a miƙa wa mai fanke dala ashirin, a haɗiye a tsaye. Fulawa da sukari ba sa daɗewa a ciki, shi ya sa ba a jima yunwa ta dawo da fushinta. Ɗumamen tuwon dawa na jiya, ko kunun gyaɗa da ƙosai, sun fi riƙe mutum. Haka wake, ƙwai da kindirmo.

Na biyu, a ganina, shi ne babba a gidajenmu na Garwa da Marwa: gaggawa. Ku biyar a kwano ɗaya, yaya na yanko loma kamar dunƙulen hannu, kai ma ka ce ba za a bar ka a baya ba. Alhali saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya iso ƙwaƙwalwa, tuwon kuwa an share shi a minti bakwai. Sai ka miƙe kana neman ƙari, can an jima ciki ya ɗaure, ko littafi ba ka iya buɗewa. Rage girman loma, ka tauna, ka yawaita miyar ganye. In kwanon ya ƙare, wanke hannu ka jira kaɗan kafin ka ce, "Inna, akwai saura?" Sau da yawa za ka tarar ba ka ma so. Wannan ya fi shafar lokacin shan ruwa a watan azumi.

Sai abin sha. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ƙishirwa kan yi kama da yunwa. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya na ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙwaya bakwai, kuma zoɓon leda da shayinmu ba kanwar lasa ba ne. Fara da ruwan randa.

Ci ana latsa waya ma yana ɓatar da lissafi, haka ƙarancin barci: ɗan shekarunku na buƙatar awa 8 zuwa 10.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne horon yunwa, musamman ga 'yan mata. Ƙawaye sun yi miki tsiya kan ƙiba, sai ki daina cin rana, da dare ki rama har ya wuce misali, ko ki sayi shayin rage teɓa a kasuwa. Jikin da ke girma ba a yi masa haka. Idan ta kai kina ci a ɓoye, ko kina sa yatsa a maƙogwaro don ki amayar, faɗa wa Inna ko wata babba da kika amince da ita, ku je asibiti tare.