Yadda Ake Lalata Gubar Ruwan Rini da Lantarki da Sauti

Duk wanda ya ratsa ta kusa da marina a birnin Katsina ya ga yadda ruwan rini ke gangarowa cikin kwata, wani shuɗi wani ja, ɗauke da soda da sinadaran launi waɗanda tacewa kaɗai ba ta raba su da ruwan. Ɗalibin kimiyyar sinadarai, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua yake ko a ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, zai iya gwada lalata su ta hanyar haɗa lantarki da sautin da ya haura kilohaz 20, wato girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji.

A fara tace ruwan domin a cire laka, a zuba kamar mililita 250 a kofin gilashi, sannan a narkar da sodiyam salfet kaɗan, wani nau'in gishiri, domin lantarki ya iya ratsa ruwan. Kada arhar gishirin miya ta ja mutum, domin yana sakin kolorin wanda kan haɗu da dattin ya haifar da wata sabuwar guba. Sai a tsoma farantai biyu da tazarar santimita ɗaya zuwa biyu, na girafayit ko na lu'ulu'u mai boron a ɓangaren wuta mai alamar (+), inda lantarki ke ƙona dattin, na ƙarfen da ba ya tsatsa a ɗaya ɓangaren, a jona su da wuta irin ta batir, miliamfiya 10 zuwa 30 ga kowace murabba'in santimita ta fuskar farantin.

Daga nan a ɗora kofin cikin kwamin sauti mai kilohaz 40, irin wanda ake wanke kayan gwaji da shi. Sautin yana haifar da 'yan mitsi-mitsin kumfa da ke kumbura su fashe nan take, kuma a daidai fashewar zafin cikinsu kan kai kusan digiri 5,000, har ya tsaga ƙwayar ruwa ya fitar da haidiroksil, sinadarin da ke farfasa launin. Girgizar kuma tana kankare dattin da ke manne wa farantin, tana ingiza sabon ruwa zuwa fuskarsa, shi ya sa haɗin ya kan fi kowannensu shi kaɗai.

Kwamin yana ɗumama ruwa, balle a zafin Afrilu, don haka a riƙa jefa ƙanƙara a cikin kwamin kada zafin ruwan ya wuce digiri 30. A bar taga a buɗe, saboda iskar haidirojin da ke tashi tana kama wuta.

A riƙa ɗiban samfur duk minti 10. A nan ne nake jan hankalin ɗalibai sosai, domin ruwan kan yi garau tun dattin bai gama lalacewa ba, launin ne kawai ya karye, gutsattsarinsa na nan a ciki. Sai an auna yawan iskar oksijin da ragowar dattin ke buƙata kafin ya ƙone, kafin aiki da bayansa, sannan a sake gwajin da lantarki kaɗai da kuma sauti kaɗai, domin a tantance abin da haɗin ya ƙara.