Yadda ake ɗaukar hoton nebular Orion ba tare da ƙona tsakiyarta ba

Nebular Orion, wato gajimaren iska da ƙura a sararin samaniya da ake kira M42, tana da nisan kusan shekarun haske 1,350, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu takan hau can sama da daddare. Wahalarta guda ce: tsakiyarta, inda taurari huɗu masu haske da ake kira Trapezium suke, ta fi gefenta haske nesa ba kusa ba. In ka bar kyamara a buɗe har gefen ya fito, tsakiyar ta zama farin tabo.

Kyamarar DSLR, wato babbar kyamara da ake sauya wa gilashi, da gilashi mai milimita 135 zuwa 200 sun isa, sai na'urar bin taurari, wadda ke juya kyamara daidai da tafiyar taurari a sama. Da tauraron arewa, wato Polaris, ake saita ta, shi kuwa a Kano digiri 12 kacal yake ɗagawa, hazon hunturu yakan rufe shi. Jira daren da ƙura ta lafa kuma babu farin wata.

Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ka saita ƙarfin karɓar haske a ISO 800, buɗin gilashi a f/4, kashi biyu: hoto 60 na daƙiƙa 60 domin gefen, hoto 30 na daƙiƙa 5 domin tsakiyar. Rufe gilashin ka ɗauki baƙaƙen hotuna 20 masu tsawon lokaci iri ɗaya da na nebular, domin cire tsaki-tsakin da kyamarar kanta ke haifarwa, kafin sanyin dare ya sauya. Sai filat 20, wato hotunan farin haske mai laushi da ake goge tabon ƙurar kyamara da su, kada ka taɓa saitin gilashin, in ba haka ba ɗigon ƙura ba zai goge ba. Manhajar kwamfuta mai suna Siril kyauta ce, ita za ta tara hotunan su zama ɗaya. In ka ninka yawan hotuna huɗu, tsaki-tsakin hoto ya ragu da rabi.

Wurin gyara ne aka fi yin ɓarna. Fara cire hasken fitilun gari daga bango, ka daidaita launi, sannan ka ja haske kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba. Kada ka mai da sama baƙa ƙirin; bar ta wajen 20 zuwa 30 a ma'aunin haske mai kaiwa 255, domin siririyar ƙurar da ke kewaye da nebular a nan take ɓuya. Ɗora gajeren hoton a kan tsakiyar, ka tausasa bakin haɗin sosai, kada ya fito kamar faci a riga.

Jan launin nebular na iskar haidirojin ne, mai tsawon zangon haske nanomita 656, kuma matatar da ke cikin kyamarar kasuwa tana tare mafi yawansa. Ƙara ja da ƙarfi ba ya dawo da shi, taurari kawai yake rinawa. Shuɗi-koren tsakiyar kuwa na iskar oksijin ne, na gaske ne, don haka maɓallin cire kore na manhajar gyara a taɓa shi da sauƙi.